Gina kanel na Linux domin ThinkPad T420: daga ina ake farawa?

Dan_Gwale:
Assalamu alaikum, jama'a. Ina da ThinkPad T420 wadda na saya ta hannu, mai furosesa Core i5-2520M da RAM gigabait 4, kuma Debian 12 ne a kanta tare da kanel 6.1 ɗin da ya zo da shi, wato zuciyar Linux da ke sarrafa na'urorin kwamfuta. Kwanan nan na buɗe fayil ɗin saitin kanel da ke cikin /boot, sai na tarar da dubban layuka na direbobin na'urorin da ko a mafarki kwamfutata ba za ta haɗu da su ba, irin su katunan kama talabijin na tauraron ɗan'adam da kayan manyan sabobin kamfanoni. Niyyata ita ce in gina kanel wanda ya dace da wannan kwamfutar kaɗai, domin ta riƙa tashi da wuri, RAM kuma ya ɗan samu sarari. Da wane saiti ya kamata in fara, da na Debian, ko da `make defconfig`, ko kuwa in zauna in amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya? Sannan ina so waɗanda suka taɓa yi su gaya mini gaskiya: akwai saurin da za a samu wanda ya cancanci wahalar?

Injiniya_Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka fara da amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, domin `make config` zai tsare ka da dubban tambayoyi waɗanda mafi yawansu ba za ka san amsarsu ba sai bayan kwamfutar ta ƙi tashi. Shi kuma defconfig saiti ne na gama-gari da masu haɓaka kanel suka ajiye, bai san T420 ba, bai kuma san abin da Debian ke buƙata ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce ka fara daga abin da ka riga ka tabbatar yana aiki. Ka sauke kunshin linux-source-6.1, ka warware shi a cikin foldarka, ka kwafi /boot/config na kanel ɗin da kake kai yanzu zuwa `.config`, sannan ka ba da umarnin `make localmodconfig`. Abin da wannan umarni yake yi shi ne ya karanta sakamakon `lsmod`, wato jerin modulolin (sassan kanel da ba a loda su sai an buƙace su) da aka loda a wannan lokacin, ya kashe duk sauran modulolin da ba ya gani a cikin jerin. Steven Rostedt ne ya rubuta shi, kuma yana cikin kanel tun 2.6.32.

Kafin haka, ka ajiye sakamakon `lspci -k` da `lsusb` a fayil. Na farkon yana nuna kowace na'ura da direban da ke riƙe da ita. A T420 za ka ga i915 na hoton Intel HD 3000, da e1000e na igiyar intanet, da ahci na faifan ajiya, da snd_hda_intel na sauti, da ehci-pci na USB, da sdhci-pci na makarancin katin SD. Katin Wi-Fi ya bambanta daga wata T420 zuwa wata, don haka ka duba naka da idonka.

Ummu_Sadiq:
Injiniya ya amsa rabin farko na tambayar, ni zan amsa rabi na biyu, ko da amsar ba za ta yi wa ɗan'uwa daɗi ba. Waɗannan dubban direbobin da ka gani, kusan dukkansu an gina su ne a matsayin modul, shi ya sa za ka ga `=m` a ƙarshen layinsu. Modul ɗin da ba a loda ba yana kwance ne a /lib/modules, ba ya cin RAM, ba ya cin furosesa, wurin ajiya kaɗai ya tare. Cire shi ba zai sa burauza ta buɗe da wuri ba. Idan sauri kake nema a kwamfuta mai gigabait 4, ka sa SSD idan har yanzu faifai mai juyawa ne a ciki, ka ƙara sandar DDR3 a gurbi na biyu, ka kuma kunna zram, mai matse bayanai a cikin RAM, ta hanyar kunshin zram-tools. Kowanne ɗaya daga cikin ukun nan za ka ji bambancinsa a hannunka fiye da duk abin da menuconfig, allon zaɓen saitin kanel, zai ba ka.

Dan_Gwale:
Na gode, Malama. SSD na riga na sa, RAM ne dai aljihu bai kai ba tukuna. Ko da saurin bai samu ba ina son in san yadda abin yake aiki, saboda haka zan ci gaba. Injiniya, katin Wi-Fi ɗina Centrino Advanced-N 6205 ne, kuma `lspci -k` ya nuna iwlwifi.

Gentoo_Kaduna:
Ban yarda da Malama Ummu_Sadiq gaba ɗaya ba. Gaskiya ne modul ɗin da ba a loda ba ba ya cin RAM, amma sauri ba shi kaɗai ne dalilin rage kanel ba. Na farko, lokacin gini. Gina cikakken saitin Debian a furosesa mai cibiya biyu irin 2520M aiki ne na sa'o'i, alhali bayan localmodconfig abin da ya rage ɗan kaɗan ne daga cikin wancan. Na biyu, tsaro. Kanel yana iya loda modul da kansa idan wata manhaja ta nemi wata tsohuwar yarjejeniyar sadarwa ko aka jona na'urar da ke buƙatarsa, kuma an sha gano ramukan tsaro a irin waɗannan sassan da ba kowa ke amfani da su ba, kamar DCCP. Abin da ba a gina ba, ba za a iya loda shi ba. Ni a tawa kwamfutar nakan shigar da komai cikin jikin kanel da `=y`, in yi watsi da initramfs (ƙaramin tsarin fayilolin da kanel ke fara lodawa kafin ya buɗe faifai) baki ɗaya, kuma shawarar da zan ba Dan_Gwale ke nan idan da gaske koyo yake so.

Dan_Damagaram:
Ina so in ja hankali kan wani rami da ke cikin localmodconfig, domin a nan wajenmu ya fi cizo. Da yawa daga cikinmu ba mu da intanet na igiya a gida, da waya muke haɗa kwamfuta ta USB, ko da ɗan modem. Direbobin da wannan haɗin yake buƙata, wato rndis_host da cdc_ether da cdc_ncm ga wayoyin Android, da ipheth ga iPhone, ba sa bayyana a `lsmod` sai an jona wayar an kuma kunna rabon intanet. Lokacin da na gina nawa wayar tana aljihuna. Sabon kanel ya tashi lafiya, na jona waya, ta fara caji, amma babu wata sabuwar hanyar sadarwa da ta fito a `ip link`. Na sa filashi domin in kwaso abin da nake buƙata daga wata kwamfutar, shi ma shiru, saboda usb_storage da vfat sun tafi tare da sauran. Da ba don tsohon kanel yana nan a GRUB, allon zaɓen kanel lokacin tashi, ba, da na rasa ta inda zan fara.

Injiniya_Zariya:
Wannan gargaɗi ne mai muhimmanci, kuma maganinsa yana da sauƙi idan an yi shi tun kafin gini. Ka tattaro duk abin da ka san kana jonawa: waya, modem, filashi mai FAT32 da mai exFAT da mai NTFS idan akwai, linzami, firinta, lasifikar Bluetooth, katin SD. Ka jona kowanne, ka yi amfani da shi na ɗan lokaci, ka buɗe VPN idan kana da shi, ka sa faifan DVD ka buɗe shi. Yawancin moduloli idan aka loda su suna zama a lode ko an cire na'urar, har sai an sake kunna kwamfutar, don haka ba dole ne komai ya kasance a jone lokaci guda ba. Bayan haka ka yi `lsmod > t420.lsmod`, sannan `make LSMOD=t420.lsmod localmodconfig`. Amfanin ajiye fayil ɗin shi ne za ka iya kai shi wata kwamfuta mai ƙarfi ka yi ginin a can. Masu Arch suna da modprobed-db, wanda ke tara sunayen moduloli a hankali na tsawon makonni, amma ana iya yin haka da hannu.

Akwai wani abu na ThinkPad musamman. Idan an kashe Bluetooth, na'urar tana ɓacewa ne gaba ɗaya daga `lsusb`, kamar an zare ta. Idan a kashe take tun lokacin tashi, btusb ba zai shiga jerin ba.

Baba_Usman:
Ina da ja a kan shawarar Gentoo_Kaduna ta jefar da initramfs, ba don ba ta yiwuwa ba, sai don an faɗe ta ga mai farawa ba tare da sharuɗɗanta ba. Debian yana rubuta `root=UUID=` a GRUB, kuma kanel da kansa bai san yadda zai fassara UUID, wato lambar shaidar tsarin fayiloli, ba, initramfs ne yake yi masa wannan aikin. Idan babu shi, kuma ba a gyara layin ba, abin da za ka gani shi ne "VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)", kwamfutar ta tsaya cak. Haka kuma za ta yi idan ext4 ko ahci ko sd_mod suka kasance modul, domin kanel ba zai iya karanto direban faifai daga faifan da bai iya buɗewa ba tukuna.

Sai batun famwaya, wato ƙaramar manhajar da ake lodawa cikin na'urar kanta. Katin 6205 yana buƙatar fayil ɗin iwlwifi-6000g2a da ke /lib/firmware, wanda kunshin firmware-iwlwifi yake kawowa. Idan aka shigar da iwlwifi da iwldvm cikin jikin kanel, direban zai tashi ya nemi fayil ɗin tun kafin a ɗora tushen faifai, ya rasa, ya haƙura, Wi-Fi ya mutu. Sabunta maikurokod, wato famwayar furosesa, shi ma ta initramfs ake yinsa tun farkon tashi. Wanda kuma ya kulle faifansa da LUKS, ba shi da hanyar shigar da kalmar sirri idan babu initramfs.

Gentoo_Kaduna:
Duk abin da Baba ya lissafa haka yake, amma kowanne yana da amsa. Kanel yana gane `root=PARTUUID=` kai tsaye, kuma `blkid` zai nuna maka lambar. Famwaya da maikurokod ana iya cusa su cikin kanel ta CONFIG_EXTRA_FIRMWARE, ko kuma a bar iwlwifi kaɗai a matsayin modul, tun da babu mai buƙatar Wi-Fi kafin faifai ya hau. LUKS ne kawai na yarda babu makawa. Ni ina ganin a wajen warware irin waɗannan ne mutum yake sanin yadda kwamfuta take tashi.

Baba_Usman:
Ɗana, ban musa ba. Amma a gini na farko ya bar initramfs a wurinsa, ya ga kanel ɗinsa ya tashi, sannan ya riƙa cire abu ɗaya a kowane zagaye. Idan ya canza abu biyar lokaci guda kwamfutar ta ƙi tashi, da wanne zai fara zargi?

Sabon_Shiga_22:
Ku yi haƙuri da tambayar wanda bai sani ba. Ni matsalata ita ce rubuta ƙ da ɗ da ɓ a Linux. Shin a cikin wannan saitin na kanel ake kunna su, ko kuwa wani wuri ne daban?

Ummu_Sadiq:
Ba a kanel ba ne, ƙanena. Kanel yana isar da lambar madannin da ka danna ne kawai, fassara ta zuwa harafi aikin XKB ne, wato sashen da ke kula da tsarin madannai, kuma a cikinsa akwai tsarin madannai na Najeriya mai nau'in Hausa. Ka gwada `setxkbmap ng -variant hausa` idan kana kan X, ko ka ƙara shi daga saitin madannai na GNOME ko KDE. Inda tambayarka ta taɓa zancenmu shi ne sunayen fayiloli a filashi. Direban vfat yana buƙatar teburan haruffa na NLS, kuma idan aka cire nls_cp437 filashin ba zai hau ba sam, `dmesg` zai ce "codepage cp437 not found". Idan kuma ba a ɗora shi da zaɓin utf8 ba, fayil mai suna da ƙ ko ɗ zai fito da alamar tambaya a wurin harafin. Dan_Gwale ya lura da wannan sosai idan Debian ɗinsa ta UEFI yake tashi, domin ɓangaren /boot/efi shi ma FAT ne.

Dan_Gwale:
Na bi matakan Injiniya, na jona duk abin da na tuna, na sa `-t420` a CONFIG_LOCALVERSION, sannan na ba da `make -j4 bindeb-pkg`. Ginin ya yi nisa sosai, sai dab da ƙarshe ya tsaya da saƙon "Failed to generate BTF for vmlinux". Mene ne wannan, kuma sai na sake daga farko?

Injiniya_Zariya:
Ba sai ka sake daga farko ba. Saitin Debian yana kunna CONFIG_DEBUG_INFO_BTF, wanda ke buƙatar wata manhaja mai suna pahole a matakin haɗa vmlinux, wato fayil ɗin kanel ɗin kansa. Ko dai ka sauke kunshin dwarves ka sake ba da umarnin, ya ci gaba daga inda ya tsaya, ko kuma ka kashe bayanan gano kuskure baki ɗaya. Ni na biyun nake ba da shawara ga wanda ba ya bibiyar kurakuran kanel. Ka shiga `make menuconfig`, ka je Kernel hacking, sannan Compile-time checks and compiler options, ka zaɓi kashe Debug information. Wannan zaɓi ɗaya yana rage wurin da ginin ke ci a faifai ƙwarai, yana kuma hana a ƙirƙiri wani ƙaton kunshin dbg da ba za ka taɓa amfani da shi ba, sai dai zai sa a sake gina kusan komai tun da zaɓin ya shafi kowane fayil.

Tun da ka shiga menuconfig, ka koyi madannin `/`. Idan ka danna shi ka rubuta sunan zaɓi, zai nuna maka inda yake, da abin da ya dogara da shi a layin "Depends on", da abin da ya tilasta kunna shi a layin "Selected by". Sau da yawa mutum yana neman zaɓi ya rasa a cikin jeri, dalili kuwa wani zaɓin da yake dogara da shi a kashe yake. Ga masu Ubuntu da suka kwafi saitinsu kuma, ku duba CONFIG_SYSTEM_TRUSTED_KEYS, domin yana nuni ne ga fayil ɗin debian/canonical-certs.pem wanda ba ya cikin tushen da kuka sauke, kuma gini zai tsaya idan ba a mayar da layin fanko ba.

Mai_Gyara_Sabongari:
Ni ta ɓangaren ƙarfe zan yi magana, tun da irin waɗannan kwamfutocin nake buɗewa kullum. T420 ta fito ne a 2011, kuma yawancin waɗanda ke zuwa hannuna man da ke tsakanin furosesa da tagullar sanyaya ya bushe ya zama kamar alli, ƙura kuma ta toshe bakin fanka har ta yi kauri ana iya ɗaga ta da yatsa. Gina kanel da `-j4` yana riƙe furosesa a ƙarshen ƙarfinsa na dogon lokaci, kuma iyakar zafin 2520M digiri 100 ne. A watan Afrilu a Kano, cikin ɗakin da babu fanka saboda an ɗauke wuta, ba wuya ka kai can, furosesa ya rage gudunsa da kansa ko kwamfutar ta mutu. Ka buɗe wata taga ka riƙa duba `sensors`, ka ɗaga bayan kwamfutar daga kan tebur, idan ta haura 90 ka koma `-j2`. Idan kuma batirin ya gaji wuta ta ɗauke ana tsakiyar gini, `make` zai ci gaba daga inda ya tsaya, amma fayil ɗin da ake rubutawa a lokacin yana iya lalacewa. Idan ka ga kuskuren da ba ka gane kansa ba bayan haka, ka yi `make clean`, wanda ba ya taɓa `.config`. Wanda ke share shi shi ne `make mrproper`.

Hafiz_Bauchi:
Ba wanda ya yi maganar zaɓin nau'in furosesa. A ƙarƙashin Processor type and features akwai "Core 2/newer Xeon" maimakon Generic-x86-64. Ashe ba nan ne saurin yake ba? Na kuma ji ana cewa kashe kariya daga ramukan tsaron furosesa masu suna Spectre da Meltdown yana dawo wa tsofaffin kwamfutoci ƙarfinsu.

Gentoo_Kaduna:
Zaɓin nau'in furosesa ba ya kawo abin a zo a gani, kuma a nan dole in tsaya tare da Malama. Ana gina yawancin kanel ne da umarnin da ke hana amfani da SSE da AVX, saboda kada ya riƙa adana waɗannan rajistocin duk lokacin da aka shiga cikinsa. Wuraren da suke amfana da sababbin umarnin furosesa, kamar AES-NI a ɓoye bayanai, an rubuta su daban kuma kanel yana zaɓarsu da kansa lokacin tashi. Batun kariya kuwa yana da tasiri na gaske, domin Sandy Bridge, zubin da 2520M ya fito daga ciki, yana cikin waɗanda ramukan da aka bayyana a Janairun 2018 suka shafa, kuma raba teburan shafukan kanel da na manhajoji yana da tsada ga aikin da ke yawan kiran kanel. Amma wannan ba ya buƙatar gini, `mitigations=off` ne kawai a layin GRUB.

Ummu_Sadiq:
Kuma ina roƙon kada kowa ya sa shi a kwamfutar da yake shiga banki ko imel da ita. Burauza tana gudanar da lambar shafukan da ba ka san masu su ba duk yini. Wanda yake son ganin abin da ake kare shi daga gare shi ya duba fayilolin da ke /sys/devices/system/cpu/vulnerabilities. Abin da Gentoo_Kaduna ya faɗa ya ƙara ƙarfafa maganata ta farko: abubuwan da ke canza yadda kwamfutar take ji a hannu, yawancinsu ana samunsu ba tare da gini ba. Ko saurin amsa linzami da madannai da ake nema ta hanyar canza tsarin katse aiki, kanel ɗin Debian 12 yana da PREEMPT_DYNAMIC, za ka gan shi a `uname -a`, don haka `preempt=full` a GRUB ya wadatar.

Dan_Gwale:
Alhamdu lillahi, ginin ya kammala, na sa kunshin linux-image da `dpkg -i`, kuma kanel ɗin ya tashi. Wi-Fi da sauti da haɗin waya da filashi duk suna aiki, madannan ƙara haske da TrackPoint ma haka. Na gwada `systemd-analyze` a tsohon da sabon, bambancin ɓangaren kanel kaɗan ne, kuma mafi yawan lokacin tashi yana tafiya ne a wasu hidimomi, musamman mai jiran intanet. Foldar moduloli da fayil ɗin initramfs kuwa sun ragu sosai. Matsala ɗaya ta rage: na sa katin SD na kyamara, `dmesg` ya nuna an ga sabon kati, amma babu /dev/mmcblk0.

Baba_Usman:
Katin ne ba ka jona ba lokacin da kake tara jerin. Direban makarancin, sdhci_pci, yana lodawa tun a tashi, shi ya sa ya tsira kuma shi ya sa kanel yake ganin shigowar katin. Wanda ke mayar da katin ya zama faifan da za a iya ɗorawa shi ne mmc_block, kuma shi ba ya lodawa sai an sa kati. Ka yi `scripts/config --module MMC_BLOCK`, sannan `make olddefconfig`, ka sake `bindeb-pkg`. Wannan karon ba zai daɗe ba, domin abin da ya canza kaɗai zai gina.

Hajiya_Sysadmin:
Na karanta komai daga sama, kuma akwai abin da ban ga an taɓo ba, wanda a wurina ya fi duk sauran nauyi. Daga yau Dan_Gwale ne mai kula da tsaron kanel ɗinsa. Idan Debian suka fitar da gyara, `apt` zai sabunta nasu kanel ɗin da kunshin linux-source, amma ba zai taɓa wanda ka gina ba. Abin da ya fi haɗari shi ne GRUB yana jera kanel ne bisa lamba. Na Debian 12 sunansa yana farawa da 6.1.0, naka kuma yana ɗauke da cikakkiyar lambar reshen 6.1 wadda ta fi sifili, don haka naka ne zai ci gaba da zama a sama ko da ya shekara ba a gyara shi ba, kai kuma kana ganin saƙon sabuntawa kana zaton ka tsira. Duk lokacin da linux-source ya sabunta, sai ka warware sabon, ka kwafi `.config` ɗinka, ka yi `make olddefconfig`, ka sake gini. Wannan ita ce amsata ga hujjar tsaro ta Gentoo_Kaduna: ƙaramin kanel da aka manta da shi ya fi babban da ake gyarawa kowane wata haɗari.

Ƙari a kan haka, idan wata rana ka sa Docker ko VirtualBox, ka tuna da wannan ranar. Docker yana buƙatar overlay da veth da bridge da sassan netfilter, waɗanda localmodconfig ya share idan ba ya gudana a lokacin. VirtualBox kuma yana gina nasa modulolin ta DKMS, don haka ka sa kunshin linux-headers da ginin ya fitar.

Gentoo_Kaduna:
Hajiya, hujjarki tana aiki ne a kan wanda zai manta. Wanda ya ajiye saitinsa da `make savedefconfig` ya rubuta ɗan gajeren rubutun umarni mai layi biyar ko shida, sabuntawa ba ta fi ya kunna ya tafi sallah ya dawo ba. Kuma `scripts/diffconfig` zai nuna masa abin da ya canza tsakanin tsohon saiti da sabo, wanda shi kansa karatu ne.

Dan_Damagaram:
Ni dai na koma kanel ɗin Debian a kwamfutar aiki, na bar gwaji a wata tsohuwa. Amma ina da tambaya ga Injiniya game da gina wa wata kwamfuta a kan wata. Ƙanwata tana da sabuwar kwamfuta wadda faifan taɓawarta (touchpad) ba PS/2 ba ne irin na T420, kuma `lspci -k` bai nuna shi ba ko kaɗan. A ina ake gano direbansa?

Injiniya_Zariya:
Sababbin suna bi ta I2C ne, kuma `lspci` mai kula da hanyar kawai zai nuna, ba faifan taɓawar ba. Ka duba /proc/bus/input/devices domin sunansa, sannan ka tabbatar i2c_hid_acpi da hid_multitouch suna nan, tare da direban I2C na DesignWare da intel_lpss_pci da direban pinctrl na wannan zubin furosesa, idan Intel ce. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa, kuma idan babu shi siginar taɓawa ba ta isowa ko da sauran duk suna nan. Ka kuma duba ko Secure Boot a kunne yake da `mokutil --sb-state`, domin T420 ba ta da shi amma sabuwa tana da shi, kuma ba za ta karɓi kanel marar sa hannu ba sai ka yi rajistar mabuɗinka ko ka kashe shi. Ka turo sakamakon `lsmod` da na `dmesg` daga kwamfutar tata mu duba tare. Dan_Gwale, kai kuma ka sanar da mu ko mmcblk0 ya fito, kuma kada ka cire linux-image-amd64, kunshin kanel ɗin Debian, ko da komai ya yi daidai.